Olsar tsofaffi: kwana 14 na magani, da ledar da ya kamata a fara zazzagewa

A gidaje da yawa a ƙasar Hausa akwai tsohuwar da kowa ya san "tana da olsa". An cire mata yaji a miya, an hana ta tsami, ana ajiye mata madara a gefen gado, kuma duk mako ana aiken jika kemis ya sayo katin omeprazole, maganin rage tsamin ciki. Shekara biyar, shekara goma, ana cikin haka. In ka tambayi wane gwaji aka yi har aka gano olsar, sau da yawa za a ce maka ba a yi ba. Ciwon ne dai ya yi kama da na maƙwabciya, sai aka ara masa sunan. Abin da ke damuna a wannan hali shi ne, a mafi yawan lokuta abin da ke haddasa gyambon ciki na gaskiya yana da magani wanda ake gamawa cikin mako biyu, amma tsoffinmu na ƙarar da shekaru suna lallaɓa ciwon. Kuma ranar da aka tashi ba su maganin, akan ba su shi kamar yadda za a ba matashi ɗan shekara 25, ba tare da an dubi ƙodarsu ko sauran magungunan da suke sha ba.

Manyan abubuwa biyu ne ke jawo gyambon tumbi da na farkon ƙaramin hanji. Ɗaya magungunan kashe ciwon jiki, waɗanda zan dawo kansu. Ɗayan kuwa wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Helicobacter pylori, murɗaɗɗiya, mai 'yan zaruruwa da take iyo da su. Ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa yana kashe galibin ƙwayoyin cutar da suka shigo da abinci, amma ita wannan tana da dabara. Tana fitar da wani sinadari da ke farfasa yuriya ya samar da amoniya, amoniyar ta kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita, sannan ta kutsa ta lafe a cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi. Galibi tun ana yaro ake kamuwa da ita, a cikin gida, ta yawu ko ta ruwa da abincin da bahaya ya gurɓata, kuma in ba a kashe ta ba takan zauna har ƙarshen rayuwa. Ke nan dattijo mai shekara 70 da aka samu da ita yau, wataƙila ya fi shekara 60 yana ɗauke da ita. Wannan tsawon zama shi ne tushen bambancin tsoho da matashi a wannan cuta.

Sanin wannan ƙwaya bai daɗe ba. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su ne suka yi nasarar renon ta a ɗakin gwaji a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda cewa ƙwayar cuta na iya rayuwa a tumbi, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, ya kamu da kumburin bangon tumbi, ya nuna wa duniya a jikinsa. An ba su kyautar Nobel a 2005. Tun a 1994 kuma cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Tsoffinmu na yau sun girma ne a zamanin da likitoci kansu ke cewa yunwa da yaji da damuwa ne ke kawo olsa, don haka babu mamaki wannan tsohon bayani ne ya zauna a zukatansu.

Arewacin Najeriya na da hannu a wannan tarihi. Wani likita ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, da ya yi aiki a Maiduguri, ya lura cewa mafi yawan mutanen yankin na ɗauke da ƙwayar, amma sankarar tumbi ba ta yi yawan da ake zato ba. A 1992 ya wallafa wannan a matsayin wani abin ɗaure kai game da Afirka. Daga baya masana sun yi ta muhawara, wasu na ganin ƙarancin na'urar leƙa ciki da rashin rajistar masu sankara sun ɓoye adadin. Abin da ba a musu a kai shi ne yawan masu ɗauke da ita: kusan rabin mutanen duniya, kuma a Najeriya bincike da dama sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na manya. Galibinsu ba za su taɓa jin komai ba. Kaso kaɗan ne ke samun gyambo, waɗanda ke kaiwa ga sankara kuma sun fi haka ƙaranci.

Wannan yawa yana da tasiri kai tsaye a kan gwaji. Gwajin da ya fi araha kuma ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji shi ne na jini, wanda ake ɗiga jini a kan ɗan tsinke. Shi wannan sojojin garkuwar jiki yake nema, waɗanda kan daɗe a jini ko bayan ƙwayar ta mutu. A wurin da takwas cikin goma suka taɓa haɗuwa da ita, a ce wa tsoho "an gani a jininka" bai bayyana ko tana nan a yanzu ba, balle ya tabbatar ita ce ke sa shi ciwo. Gwajin bahaya da gwajin numfashi su ne ke nuna ƙwaya mai rai. Amma suna da sharaɗi wanda ake yawan karyawa: sai an dakatar da omeprazole da 'yan uwansa na mako biyu, an kuma nisanci maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako huɗu kafin gwajin. Tsohuwar da ta haɗiyi omeprazole da safe ta je gwaji da hantsi, sakamakonta na iya fitowa babu komai alhali ƙwayar na nan, ta dai lafa ne.

Kafin ma a kai ga neman ƙwayar, akwai tambayar da ta fi ta girma. Ciwon ciki da ya fara sabo a jikin wanda ya kai shekara 60, ƙa'idojin likitocin ciki na Amurka sun ce a leƙa cikin da na'ura, a Birtaniya ma tun daga shekara 55 ake ɗaga kunne in akwai rama. Dalili kuwa shi ne sankarar tumbi kan fara da alamomin da ba su da maraba da olsa, kuma omeprazole na iya kwantar da su na ɗan lokaci yayin da ƙarin ke girma. Rama ba dalili, ƙoshi bayan loma kaɗan, abinci na tsayawa a ƙirji, amai mai maimaituwa, aman jini ko mai kama da garin kofi, baƙin bahaya mai danƙo da wari, da ƙarancin jini mai sa haki da ɗashewar tafin hannu, duk waɗannan sun wuce aikin kemis. Wani abin tsoron kuma shi ne tsoho na iya samun gyambo ba tare da jin zafi sosai ba, har sai ranar da ya fara zubar da jini ko ya huje. Haka nan ciwon zuciya a jikin tsoho, musamman mai ciwon suga, yakan zo a matsayin zafi a saman ciki da gumi da tashin zuciya. An sha ba irin wannan mutum madara da kanwa ana jiran ya lafa. Ita kanwar ma da ake jiƙa wa tsofaffi don ƙwannafi, gishirinta ba abin wasa ba ne ga mai hawan jini.

To, a ce an tabbatar ƙwayar na nan. Magani ɗaya ba ya kashe ta, sai haɗi. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali domin mai karatu ya gane su in ya gani. Haɗin da aka fi sani shi ne mai magani uku: mai rage tsamin ciki irin omeprazole, da amoxicillin miligiram 1,000, da clarithromycin miligiram 500, kowanne sau biyu a rana har kwana 14. Rage tsamin yana da aiki na musamman, domin ƙwayar ta fi hayayyafa in tsami ya ragu, lokacin ne kuma maganin ya fi kama ta. A da, kwana 7 ake yi, kuma har yanzu akwai kwalayen haɗi na kwana 7 a kasuwa, amma ƙwayar ta riga ta yi wa wannan wayo. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'inta mai bijire wa clarithromycin cikin jerin ƙwayoyin da ake matuƙar buƙatar sabon magani a kansu. Masana sun yi ittifaƙi cewa duk inda bijirewar ta haura kashi 15 cikin 100, kada a fara da wannan haɗi sai an gwada ƙwayar. Wanda aka fi ba wa fifiko a yanzu shi ne mai magani huɗu: mai rage tsami, da bismuth, da tetracycline, da metronidazole, na kwana 10 zuwa 14.

A nan halinmu ya shigo. Metronidazole shi ne Flagyl ɗin da ake sha duk lokacin da ciki ya murɗa ko aka yi gudawa sau biyu. Tsohon da ya shekara 40 yana shan ƙwaya biyu yau, uku gobe, bai kashe ƙwayar cutar ba, ya dai horar da ita. Shi ya sa bijire wa wannan magani ya yi yawa ƙwarai a Afirka. Saboda haka tambayar "Baba, waɗanne magunguna ka taɓa sha a baya?" tana cikin maganin kanta, kuma amsarta na iya sauya haɗin gaba ɗaya.

Bincike ya nuna haɗin yana kashe ƙwayar a jikin tsofaffi kusan kamar yadda yake yi a jikin matasa. Shekaru kaɗai ba hujjar hana mutum magani ba ne. Matsalar tana cikin ledar nan da kowane dattijo ke ajiyewa a ƙarƙashin matashi ko a aljihun babbar riga, kuma clarithromycin ne ya fi rigima da abin da ke cikinta. Yana toshe hanyar da hanta ke bi ta sarrafa magunguna da yawa, sai su taru a jini fiye da kima. Mai shan amlodipine ko nifedipine don hawan jini, jininsa na iya faɗuwa har ya yanke jiki, ƙoda ma ta taɓu. Mai shan simvastatin don maiƙon jini, tsokarsa na iya fara narkewa, ya ji ciwon jiki mai tsanani, fitsari ya yi duhu. Mai shan glibenclamide don ciwon suga, sukarinsa na iya sauka ƙasa warwas, a ga tsoho ya rikice yana sambatu a ɗauka aljanu ne ko gigin tsufa. Digoxin na masu raunin zuciya kan taru ya koma guba. Colchicine da ake bai wa masu wani nau'in ciwon gaɓɓai, haɗa shi da clarithromycin ya yi sanadin mutuwar mutane, musamman masu raunin ƙoda. Sannan shi kansa yana iya dagula tsarin bugun zuciya, haɗarin kuma na ƙaruwa in an haɗa shi da kwinin, wanda a ƙasar zazzaɓin cizon sauro ba baƙo ba ne. Duk waɗannan ana iya kauce musu. Likita na iya dakatar da maganin maiƙo na mako biyu, ko ya rage wani, ko ya zaɓi haɗin da babu clarithromycin. Amma sai ya ga ledar. Shawarata ga duk ɗa ko 'yar da za su raka iyaye asibiti ita ce su kwashi komai, har da na gargajiya da na ciwon kai, su zube a gaban likita. Kada kuma su dakatar da ko ɗaya da kansu.

Haɗin mai magani huɗu ma yana da nasa nauyi. Akwai samfurinsa da ake shan kafso uku sau huɗu a rana, ga mai rage tsami sau biyu: ƙwaya 14 ke nan kullum, a kan na hawan jini da na suga. Ga tsohuwar da idonta ya yi rauni kuma ba ta karanta boko, wannan aikin mutum biyu ne. Tetracycline ba ya shiri da madara da nono da maganin ƙarin jini, domin suna kama shi a hanji su hana shi shiga jiki, alhali madarar ce abin da aka saba ba mai olsa ya kora magani da ita. A sha shi da ruwa cikakken kofi, a zaune, kada a kwanta nan take, don yana iya ƙona maƙogwaro. Ga mai raunin ƙoda kuwa, shi da bismuth duka abin taka-tsantsan ne, kuma ƙoda na raguwa da shekaru ko da mutum bai ji komai ba, shi ya sa gwajin ƙoda kafin farawa ya cancanci kuɗinsa. Metronidazole na barin ɗacin ƙarfe a baki, yana kuma ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini, har ya kai ga zubar jini. Bismuth na mayar da harshe da bahaya baƙi, wannan ba komai ba ne, amma dole a sanar da iyali tun farko, a kuma koya musu bambancinsa da baƙin jini: na jini yana da danƙo da mugun wari, yana zuwa da jiri da kasala. Gudawa mai ruwa da ta ƙi tsayawa a lokacin magani ko bayansa ita ma ta asibiti ce, don tsofaffi sun fi kowa kamuwa da wata muguwar ƙwayar hanji da ke samun sarari in an kashe na kirki.

In haɗin farko ya gaza, wasu kan koma ga levofloxacin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. A jikin wanda ya haura 60 wannan na iya tsinka agara, musamman in yana shan irin su prednisolone na rage kumburi, yana kuma rikita sukari. Ga mu da tarin fuka ya yi wa katutu akwai ƙarin dalili: yana cikin magungunan da ake ji da su wajen tarin da ya bijire, kuma yana iya danne alamominsa a makara ganowa. Daga Japan an samu wani sabon mai rage tsami, vonoprazan, wanda ake haɗawa da amoxicillin kaɗai, haɗin da ya fi sauƙi ga tsoho in jikinsa ba ya ƙin fanisilin, dangin amoxicillin, sai dai tsada da rashin samuwa sun nisanta shi da yawancin mutanenmu.

Da wannan jerin haɗura, mai karatu na iya cewa ai gara a bar tsoho da ƙwayarsa, kada garin neman gira a rasa ido. Akwai inda na yarda da haka. Mai shekara 88 da ke kwance, ƙoda ta gaza, ba ya jin ciwon ciki, aka tsinci ƙwayar a wani gwaji na daban, ban ga abin da mako biyu na wahala zai ƙara masa ba. Amma ga wanda aka tabbatar yana da gyambo, ko ya taɓa zubar da jini, lissafin a fili yake. In an warkar da gyambon da mai rage tsami kaɗai, fiye da rabi kan dawo cikin shekara guda. In an kashe ƙwayar, kaɗan ne ke dawowa. An kashe maciji ba a sare kansa ba, shi ne misalin shekarun omeprazole. Zubar jinin da matashi zai tashi ya kakkaɓe riga, shi ne ke kai tsoho ƙasa. Haka ma wanda zai daɗe yana shan asfirin don kariya daga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, da mai ƙarancin jini da aka rasa dalilinsa, da wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi sankarar tumbi.

Batun sankara ya fi sarƙaƙiya. Likitan nan ɗan Kolombiya, Pelayo Correa, ya bayyana matakan da bangon tumbi ke bi cikin shekaru masu yawa: kumburi, sai zaizayewa, sai rikiɗa zuwa kamannin hanji, sannan sankara. Kashe ƙwayar da wuri ya fi amfani, kuma a jikin tsoho wataƙila an riga an yi nisa. Duk da haka, wani bincike a Koriya ta Kudu da aka wallafa a 2018 ya bi mutanen da aka riga aka cire musu sankarar tumbi ta matakin farko, ya samu cewa waɗanda aka kashe musu ƙwayar, sake ɓullar sankarar ta ragu da kusan rabi. Japan kuwa tun 2013 inshorar lafiyarta ke biyan kuɗin wannan magani ga masu kumburin tumbi. Amfanin yana raguwa da shekaru, amma bai ƙare ba.

Na ce zan dawo kan magungunan ciwon jiki. Gwiwa da baya su ne kukan kowane tsoho, kuma "haɗin" da ake ƙulla musu a kemis da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam a ciki, wani lokaci biyu a tare. Waɗannan na raunana kariyar bangon tumbi, in suka haɗu da ƙwayar kuma haɗarin gyambo na ninkuwa. Ko an kashe ƙwayar tas, in Hajiya ta ci gaba da haɗiyar su kullum, gyambon zai dawo ta wata ƙofa. Farasitamol da man shafawa sun fi aminci, kuma in dole ne a sha masu ƙarfin, likita kan haɗa su da mai kare tumbi.

Lokacin farawa ma abin dubawa ne. Haɗin da ake sha sau huɗu a rana ba ya shiga tsakanin buɗe-baki da sahur, kuma tsoffinmu su ne suka fi kowa ƙin ajiye azumi. In ba gaggawa, a tsara a gama kafin Ramadan ko bayan Salla. In gyambon na zubar da jini, shari'a ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame. Abin da ya fi muni shi ne a fara a yanke a kwana na biyar don ciwo ya lafa ko baki ya yi ɗaci. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma zagaye na biyu ya fi na farko wuya da tsada. A samu mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin, ya ɗaura shan maganin da lokutan salla, ya riƙa yin alama a takarda.

Bayan an gama, a jira aƙalla mako huɗu, a tabbatar mako biyun ƙarshe babu omeprazole, sannan a yi gwajin bahaya ko na numfashi. Na jini ba ya aiki a nan. In gyambon a tumbi yake, likita kan so ya sake leƙawa ya ga ya rufe, domin wani gyambon sankara ce ta yi shigar burtu. In gwaji ya nuna ƙwayar ta mutu, sai a tambayi likita ko akwai sauran dalilin ci gaba da mai rage tsami, tunda shansa na shekaru ana danganta shi da ƙarancin sinadarin B12 da karayar ƙashi, ko da yake mai shan asfirin da ya taɓa zubar da jini yana buƙatarsa. In kuma ta nuna tana nan, a koma da kwalayen da aka sha ko takardar da aka rubuta sunayensu, domin clarithromycin ko levofloxacin da ya gaza sau ɗaya ba a maimaita shi.